Lamba Talatin da Bakwai

A takardun Dakta Cima ba ni da suna.
Ni ne lamba talatin da bakwai,
namiji, tsohon direba, mazaunin Garin Malam.
Ta nemi izinina, na dangwala yatsa na ce rubuta.
Ihun da nake yi da tsakar dare ba sirri ba ne,
maƙwabta sun riga ta ji.

Shekara goma sha shida ina bin hanyar Diffa,
in kai gero, in ɗauko tattasai da bandar kifi.
Ran da abin ya faru
yaron motata Ari yana ɓare mini goro.
Nan labarin yake tsayawa.
Shekara uku, in na kai goron sai harshe ya ƙage.

An yi mini rubutu na sha, Allah ya saka wa malam.
An yi turare, an ce iska ce.
Duk da haka in salansar kabu-kabu ta buga a Kasuwar Dole
sai in tsinci kaina ƙarƙashin teburin mai albasa,
ƙato da ni, da gemuna.

Ɗakinta yana bayan asibiti, fanka ɗaya mai ciwon wuya.
Ba allura, ba ƙwaya.
Igiya ta shimfiɗa a ƙasa, irin ta guga,
ta ce nan aka haife ka, bi ta a hankali.
Inda ka sha wuya ɗora dutse,
inda ka ji daɗi ajiye dabino.
Wai a wasu ƙasashe fure ake sa wa,
to wa zai samo fure a Damagaram da bazara?
Dutse kuwa, Allah ya hore mana.

Na jera. Dutse huɗu, dabino tara.
Ban taɓa ƙirgawa ba.
Babban dutsen sai da muka yi Laraba shida a kansa,
ina gumi, tana tambaya:
ƙarfe nawa ne, ina rana take, me hancinka ya ji,
yanzu fa, ina ƙafafunka suke?
Na ce ga su bisa siminti.
Ta ce to, can can ne, nan nan ne.

An ce binciken ya fita cikin wata mujalla.
Ta nuna mini a kwamfuta: layi yana gangarowa
kamar hanyar rijiya, ɗige-ɗige a jikinsa.
Ɗaya cikin ɗigon ni ne.
Masana a biranen da ban san sunansu ba
sun ambace shi sau ɗari da wani abu.
Ni da ban taɓa wuce Agadas ba,
ɗigona ya hau jirgi.

Ba kowa ya samu sauƙi ba.
Lamba goma sha biyu ta daina zuwa tun kaka,
wannan ma Dakta ta rubuta, ba ta ɓoye ba.
Kuɗin da aka yi mata alkawari har yau suna hanya.
Amma a Mirya akwai wata ungozoma da igiya a jakarta,
a Magarya wani malamin asibiti
yana sayen dabino da kuɗin aljihunsa.

Ran Jumma'ar da ta wuce na tafi gidan su Ari.
Na zauna gaban tsohuwarsa
na faɗi labarin tun daga goro har ƙarshe.
Ta yi kuka, na yi,
ta dama mini fura na sha.

Goro dai har yanzu ba na ci.

Jiya barci ya ɗauke ni har ladan ya yi kira na biyu.
Gambo ta tsorata,
ta kai yatsa bakin hancina ta ji ko da numfashi.
Na buɗe ido ina tuna ragowar igiyar nan
da Dakta ta bari a naɗe gefen ɗaki.
Na tambaye ta ran farko, wannan fa?
Ta ce ba ka iso wurin ba tukuna.